Faifan ajiyar da na saya a Kasuwar Dole, bayan wata takwas

Wata takwas ke nan da na sayi faifan ajiya na kwamfuta mai tera 1, wato giga 1000, wanda masu shago ke kira disk dur, a gefen Kasuwar Dole ta Damagaram. Tun daga 1 ga Yuni 2021, lokacin da Google ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka, ya mai da su cikin giga 15 ɗin da Gmail da Drive ke rabawa, na fara tunanin cewa hotunan bikin ƙannena mata, da takardar filinmu na gado a Birni, da takardun haihuwar yarana, bai dace su zauna a kwamfutocin wani kamfani da ke wata ƙasa ba. Ban yi ƙorafi a kan farashin faifan ba.

Watannin farko na ji daɗinsa ƙwarai. Na kwashe kome cikin dare biyu, kuma ranar da Hajiya ta nemi ganin hotunan marigayi Baba, na nuna mata su ba tare da na kashe ko dala ɗaya a kan intanet ba.

Sai ga shi a tsakiyar zafin Afrilu kwamfuta ta daina ganin faifan. Hankalina ya tashi, domin na riga na goge abin da ke intanet. Na kai shi wajen wani mai gyara, ya canja igiyar, nan take faifan ya tashi. Amma don ya tabbatar mini ba abin da ya ɓace, sai ya buɗe hotunan ranar lalle a gaban samari uku da ke zaune a shagon, ga ƙannena nan a tsakar gida ba mayafi. Na ce masa, "Malam, don Allah rufe," amma idon da ya gani ya riga ya gani. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, domin abin da na guje wa a wajen kamfanin da bai san ni ba, shi ya same ni a gaban mutanen da muke haɗuwa a masallaci.

Laifin igiyar da ta zo cikin kwali ne, siririya ce marar ƙwari, kuma mai shagon bai taɓa ce mini faifan ba ya da makulli ba. Haka kuma bai faɗa mini cewa tera 1 giga 931 kawai kwamfuta za ta nuna ba. Yanzu na kulle shi da VeraCrypt, manhaja ce ta kyauta wadda ba ta buɗe kome sai da kalmar sirri, na kuma ajiye kwafi na biyu a gidan yayana a Zongo. Faifan kansa yana aiki lafiya, amma ba zan koma wannan shago ba.