Kwas ɗin tsarin 'yan sanda da gudanarwarsu: abin da na samu a zango guda

Shekara shida ina cikin kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a na unguwarmu, kuma a tsawon wannan lokaci na shiga caji ofis sau da yawa domin raka wani ko sasanta wata rigima, amma ban taɓa sanin hakikanin wanda ke ba wa wani umarni ba idan aka wuce ofishin DPO, wato jami'in da ke shugabantar caji ofis. Wannan ne ya sa na yi rajista a wata kwaleji a nan Kano, a shirinta na difloma kan nazarin laifuka da harkar tsaro, wanda ake yi ranakun Asabar da Lahadi. A cikin darussan zangon farko, wanda ya fi jan hankalina shi ne na tsarin rundunar 'yan sanda da gudanarwarta, kuma a kansa kaɗai zan yi magana.

Malamin da ya ɗauke mu tsohon jami'i ne da ya yi ritaya, kuma shi ne ƙashin bayan darasin. A makonnin farko ya zana mana matakan rundunar a kan allo, daga ƙaramin ofishin 'yan sanda na ƙauye zuwa ofishin DPO, daga nan zuwa kwamandan yanki, sai kwamishinan jiha, sai mataimakin Sufeto Janar mai riƙe da shiyya, kamar Shiyya ta Ɗaya da hedikwatarta ke Kano, har zuwa babbar hedikwata da ke Abuja, wadda ke ɗauke da sunan Louis Edet, ɗan ƙasa na farko da ya zama Sufeto Janar a 1964. Bai tsaya ga sunayen muƙamai ba. Ya nuna mana yadda fayil ɗin ƙara ke tafiya daga teburin mai karɓar koke zuwa sashen bincike, da irin laifukan da DPO ba ya riƙewa, kamar kisan kai da fashi da makami, waɗanda ake miƙa wa sashen binciken manyan laifuka na jiha. A ranar ne na gane dalilin da ya sa wani lokaci iyayen wanda aka tsare suke yini a ƙofar caji ofis suna roƙon saje, alhali maganar ta riga ta fita daga hannun ofishin gaba ɗaya.

Sashen da ya fi kowanne amfani shi ne na doka. Mun karanta sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ce runduna ɗaya ce tak ta 'yan sanda a Najeriya, sannan muka daɗe a kan sashe na 215, inda aka ba gwamna ikon ba kwamishinan jiharsa umarni kan zaman lafiya, amma aka bar wa kwamishinan damar neman a mayar da batun ga shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Duk muhawarar da ake yi a gidajen rediyo kan 'yan sandan jihohi daga wannan sharaɗi ta samo tushe, kuma ni da na daɗe ina sauraron muhawarar ban san da shi ba. Haka nan ya bambanta mana hukumomi biyu da mutane ke yawan cakuɗawa. Majalisar 'Yan Sanda ta Ƙasa, wadda shugaban ƙasa ke jagoranta kuma dukkan gwamnoni ke cikinta, ita ke ba da shawara kan naɗin Sufeto Janar, yayin da Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ke da alhakin ɗaukar aiki da ƙarin girma da ladabtar da kowane jami'i in ban da Sufeto Janar ɗin kansa. Wanda ya san wannan ya san inda zai kai kokensa idan jami'i ya zalunce shi, maimakon ya yi ta zagaye tsakanin ofisoshin da ba su da hurumi.

Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali tun 1943, ta ci mana mako uku, kuma ban ga asarar ko awa ɗaya a ciki ba. Dokar ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, abin da har yanzu ake yi wa uba ko mata ko ƙanen mai laifi, kuma ta hana kama mutum kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Wani ɗan kasuwa da muke aji ɗaya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to mu da aka ci mana kuɗi ina za mu je?" Malamin ya amsa masa da cewa kotu ce wurin, kuma ya ɗauki sauran lokacin yana bayanin yadda sanya 'yan sanda karɓar bashi ke cinye lokacin jami'an da ya kamata su kasance a bakin sintiri. Irin wannan musayar ce ta sa ajin ya rayu.

Inda na yi ƙorafi shi ne takardun darasin da kwalejin ke sayarwa. Kusan rabinsu an ɗauko su ne daga littattafan Amurka ba tare da an daidaita su da ƙasarmu ba. Shafi bayan shafi ana bayanin shugaban 'yan sandan birni da magajin gari ke naɗawa, da jami'in gunduma da jama'a ke zaɓa da ƙuri'a, wato tsarin ƙasar da ke da hukumomin 'yan sanda kusan 18,000 masu cin gashin kansu. Sanin wannan yana da kyau idan kwatance za a yi, kuma babu wanda zai ƙi a fara da Robert Peel da rundunar da ya kafa a Landan a 1829. Sai dai takardun ba su yi kwatancen ba, sun gabatar da tsarin ne kamar shi ne namu, har wasu ɗalibai suka rubuta shi a gwajin farko suka faɗi. Malamin da kansa ya ce mu ajiye su mu riƙe abin da yake faɗa a aji, amma an riga an biya kuɗinsu, kuma wanda bai samu zuwa aji ba saboda aiki ba shi da wani abin dogaro sai su.

Tarihi ma an yi masa gaggawa. An ambaci dakaru 30 da aka kafa a Legas a 1861, da haɗe rundunonin Arewa da Kudu a 1930, cikin sakin layi biyu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda aka tsallake dogarai da 'yan doka na En'e, waɗanda suka riƙe tsaron garuruwan Arewa har zuwa lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta narkar da su cikin rundunar tarayya. A birni irin Kano, inda har yau akwai dattawan da suka ga 'yan doka da idonsu, suka san amfaninsu wajen sanin kowane lungu, suka kuma san yadda aka yi amfani da su wajen musguna wa 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU, wannan babi ya cancanci mako guda cur, domin shi ne gwajin 'yan sandan gida da muka taɓa yi da kanmu.

Ta fuskar shiri, ajin ya cika fiye da kima, kuma sau biyu aka ɗaga darasi ba tare da sanarwa ba, abin da ya yi wa masu zuwa daga Bichi da Rano nauyi. An yi mana alkawarin ziyarar wani ofishin 'yan sanda domin ganin littafin shigar da rahoto da jadawalin aiki, amma zangon ya ƙare ba a je ba. Jarrabawar kuwa ta yi adalci, domin tambayoyinta na warware matsala ne, ba na hadda ba.

Ya kamata mai niyyar shiga ya san cewa wannan kwas ba ƙofar ɗaukar aiki ba ce. Mai son zama jami'i sai ya nemi Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil ko ya jira sanarwar ɗaukar kurata. Waɗanda zai amfana su ne masu unguwanni, da 'yan jarida, da ma'aikatan kotu, da shugabannin 'yan sintiri, da ƙananan jami'an da ke shirin jarrabawar ƙarin girma. Na riga na yi rajistar zango na biyu, kuma na rubuta wa shugaban sashen takarda ina roƙon a sake rubuta takardun darasin bisa dokar 2020, a kuma saka babin 'yan doka.