Wata uku ina aiki da dnsmasq a kan kwamfutoci marasa faifai

Kwamfutoci ashirin da huɗu nake kula da su, babu ko ɗaya mai faifan ajiya a cikinta. Duk wadda aka kunna sai ta roƙi adireshi daga layin sadarwa, sannan ta tambayi inda za ta ɗauko manhajar da za ta tashe ta. Idan aka samu tangarɗa a wannan gaisuwar ta farko, baƙin allo kawai za ka gani da ɗan guntun rubutu. Ni wanda ya addabe ni shi ne PXE-E53: kwamfuta ta samu adireshi, amma ba a gaya mata sunan fayil ɗin da za ta ɗauko ba.

Rautar da ke raba mana adireshi ƙarama ce, ba ta da gurbin saka zaɓi na 66 da na 67, waɗanda ke faɗin sabar TFTP (kwamfutar da ke miƙa fayil ɗin tashi) da sunan fayil. Da farko na yi wauta, na kafa sabar DHCP, wato mai raba adireshi, ta biyu a gefe. Sai aka koma sarki biyu a gari ɗaya. Yau wannan kwamfutar ta tashi, gobe ta ƙi, ya danganta da amsar da ta kama.

Abin da ya sa na rungumi dnsmasq, wata ƙaramar manhaja da ke iya aikin DHCP, shi ne yana iya zama ɗan rakiya kawai. Da layi ɗaya a fayil ɗin saitinsa, dhcp-range=192.168.1.0,proxy, sai ya bar wa rauta rabon adireshi, shi kuma ya tsaya a kan bayanin tashi. Yana da sabar TFTP a cikinsa, don haka ban girka wata ba. Sai dai a tuna da buɗe ƙofofin UDP na 67 da 69 da 4011, wato lambobin hanyoyin da saƙonnin ke shiga, a katangar tsaro (firewall). Na manta ta 4011, na yi rabin yini ina zargin wayoyi.

Amma inda ya fi burge ni shi ne log-dhcp, saitin da ke sa shi rubuta duk gaisuwar DHCP a rajista. Da na kunna shi, sai na riƙa ganin kowace kwamfuta da lambar katinta, abin da ta roƙa da abin da aka ba ta. A nan na lura guda huɗu ba sa bayyana sam a lokacin tashi, kuma su PXE-E51 suke nunawa, ma'ana ko amsa ba su samu ba. Da na bi wayoyinsu, duk huɗun a kan suwic ɗaya suke, wato akwatin da wayoyin sadarwa ke haɗuwa a ciki. Suwic ɗin yana da Spanning Tree a kunne, wanda ke riƙe ƙofar da aka soka waya kusan daƙiƙa 30 kafin ya bari komai ya wuce, kafin nan kwamfutar ta gaji ta haƙura. Na saita ƙofofin su buɗe nan take, magana ta ƙare. Gyaran ba na dnsmasq ba ne, amma shirun da na gani a rajistarsa ne ya kai ni wurin.

Yana da nasa wahalar. Littafin bayaninsa dogo ne, a cunkushe, kuma da ɗaukar cewa ka riga ka san DHCP aka rubuta shi. Sababbin kwamfutoci masu UEFI, sabon tsarin tashe kwamfuta da ya gaji BIOS, sai da na yi musu layin pxe-service nasu da fayil ɗin ipxe.efi, domin undionly.kpxe na tsofaffi masu BIOS ne. Wannan ya ci mini kwana biyu. Haka kuma dnsmasq ɗin kansa ya ƙi tashi a ranar farko saboda wata manhaja ta riga shi kama ƙofa ta 53, sai da na rubuta port=0 na kashe ɓangarensa na DNS (mai mayar da sunaye zuwa adireshi), wanda dama ba na buƙata.

Ga mai ɗakin kwamfutoci ɗaya ko biyu kuma ba shi da ikon taɓa rauta, zan ce ya gwada shi. Kafin ya sake tashe shi bayan kowane gyara, ya fara buga dnsmasq --test, don waƙafi ɗaya da ya ɓace ya isa ya hana ɗakin gaba ɗaya tashi.