Wata huɗu da Xiaomi Smart Band 8 a hannun mai fama da matsin yau da kullum

Na sayi wannan agogo a kasuwar wayoyi ta Farm Centre da ke Kano saboda dalili guda, wato abin da aka ce yana da shi na auna damuwa. Ni ma'aikacin ofis ne mai iyali, kuma na daɗe ina komawa gida da ciwon kai da nauyin kafaɗa, ina yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ba tare da na iya cewa ga takamaiman abin da ke cin raina ba. Bayan wata huɗu ina ɗaure da shi dare da rana, ina ganin na san shi isasshen sanin da zan faɗi inda ya amfane ni da kuma inda bai kamata a ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

Xiaomi Smart Band 8 ya fito a shekarar 2023. Siriri ne, marar nauyi, yana da allo mai girman inci 1.62 da ake iya karantawa ko a tsakar rana, kuma ana haɗa shi da waya ta Bluetooth da manhajar Mi Fitness. Kamfanin ya ce caji ɗaya yana kai kwana 16 idan ana amfani da shi daidai gwargwado, amma wanda ya kunna awon damuwa na yini duka ya kuma bar allo a kunne zai riƙa caji da wuri fiye da haka. Ga mai zama a unguwar da wutar lantarki ke zuwa jefi-jefi, agogon da zai wuce mako bai nemi caji ba abin so ne. Ruwa ba ya lalata shi, sai dai lokacin alwala nakan sassauta madaurin in zame shi sama, domin ruwa ya taɓa fatar wuyan hannu yadda ya kamata.

Ya kamata mai saye ya fahimci yadda awon damuwar yake, don a nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. A bayan agogon akwai koren haske da ke haska fata yana lura da yadda jini ke kai kawo, daga nan yake ƙirga bugun zuciya da kuma tazarar da ke tsakanin bugu da bugu. Zuciyar mutumin da hankalinsa ke kwance ba ta bugawa a kan tazara guda kamar agogon bango, tazarar takan ɗan ƙaru ta ɗan ragu tare da shiga da fitar numfashi. Idan jiki ya shiga halin fargaba ko takura, wannan bambanci yakan ragu. Wannan bambancin ne agogon yake dubawa, sannan ya fitar da lamba tsakanin 1 da 100 wadda aka kasa mataki huɗu, daga natsuwa zuwa matsananciyar takura. Saboda haka abin da yake aunawa halin jiki ne. Bai san ko kuɗin makarantar yara ne ke damun mutum ko zazzaɓi ne ke shirin kama shi ba, kuma shayi mai ƙarfi ko rashin barci ko hawan bene na iya ɗaga lambar kamar yadda ɓacin rai ke ɗaga ta.

Duk da wannan iyaka, abin da jadawalin awon damuwar ya nuna mini a cikin makonni ya buɗe mini ido. Na zaci ofis ne tushen gajiyata, sai na ga lambar tana zama a tsaka-tsaki yawancin lokutan aiki, tana tashi ne a wurare biyu. Na farko shi ne cikin cunkoson ababen hawa da yamma, lokacin da nake riƙe da sitiyari ina kallon 'yan adaidaita sahu suna kutsowa ta hagu da dama, ina lissafin ko zan riski Magariba a masallacin unguwa. Na biyu kuwa, wanda ya fi ba ni mamaki, shi ne tsakanin ƙarfe goma da sha biyun dare, lokacin da nake kwance da waya a hannu ina bin labarai da muhawarar Facebook, ina tsammanin hutawa nake yi. Awon barcinsa ya ƙara tabbatar da zancen, domin dare da yawa barcina bai kai awa shida ba, alhali masana lafiya suna ba baligi shawarar ya samu aƙalla awa bakwai. Matata ta daɗe tana faɗa mini wannan magana, kuma gaskiya ne cewa sai da na gan ta a rubuce a allo na ɗauke ta da muhimmancin da ta cancanta tun farko.

Sashen da na fi yabawa shi ne na motsa numfashi. Mutum zai zaɓi minti ɗaya zuwa biyar, sai wani zane ya riƙa buɗewa yana rufewa a allo, yana jagorantar shaƙa da fitarwa a hankali. Ba sabon ilimi ba ne, domin an san cewa jan numfashi a natse, kamar sau shida a minti, yana sassauta bugun zuciya. Amfanin agogon shi ne yana sa mutum ya yi abin a lokacin da yake bukatarsa. Yanzu idan na iso ƙofar gida nakan kashe mota in zauna minti uku ina bin zanen kafin in yi sallama, kuma mutanen gidan sun ga bambanci a fuskar da nake shiga da ita. Haka nan ƙararrawarsa ta girgiza ce, tana tashe ni sallar Asuba ba tare da ta tashi jaririn da ke ɗakin ba, abin da ya ba ni damar barin waya a falo da daddare.

Akwai shawarar da zan ba duk wanda ya saya, kuma na ɗauke ta da girma fiye da komai a wannan rubutu: ya rufe saƙonnin WhatsApp da sauran manhajoji daga isowa agogon tun ranar farko. A makon farko na bar su a buɗe, sai ya zamana kowane saƙo daga zauren dangi da na tsofaffin ɗalibai da na ofis yana girgiza mini hannu, har ina cikin sahu. Wannan zaɓina ne, kuma gyara shi bai ɗauke ni minti biyu a cikin manhajar ba. Kira kawai na bari. Haka kuma bai dace a riƙa duba lambar damuwa kowane lokaci ba, don mai yawan fargaba zai iya mayar da ita wani sabon abin fargaba. Duba jadawalin sau ɗaya a mako ya wadatar.

Rubutun da ke cikinsa ba ya zuwa da Hausa, saboda haka dattijon da ba ya karanta Turanci zai bukaci wani ya saita masa. Ba shi da na'urar gano wuri ta kansa, sai ya jingina da waya idan ana son ganin taswirar hanyar da aka bi. Sannan ba kayan asibiti ba ne, ba ya auna hawan jini, kuma wanda ya yi makonni cikin baƙin ciki, ko barci ya ƙaurace masa, ko yake jin ƙirjinsa na bugawa ba dalili, likita ya kamata ya gani. A Kano akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke jin jikinsa a ɗaure kullum kuma yake son sanin lokutan da abin ya fi tsananta, ina ganin kuɗinsa bai tafi a banza ba. Wanda ya riga ya tsara barcinsa, yake tafiyar ƙafa da safe, yake ajiye waya bayan Isha'i, ba lallai ne ya ƙaru da shi sosai ba. Ni dai har yanzu ina ɗaure da nawa, kuma canjin da ya fi fitowa fili a jadawalin watan jiya shi ne lokacin kwanciyata ya dawo wajen ƙarfe goma da rabi.