Cire shafin siramik daga fentin mota: abin saye da abin bari a kanti

Shafin siramik ba kakin folish ba ne da za a wanke da sabulu mai ƙarfi ya tafi. Ruwan silika ne da ke sandarewa ya manne wa fenti, kuma kaurinsa bai cika wuce maikiron 1 zuwa 2 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). A ƙarƙashinsa kiliya take, wato fentin nan marar launi da ke ba mota sheƙi, wadda a fentin kamfani takan kai maikiron 35 zuwa 50. Duk hanyar da ka bi wajen cire shi, da kiliyar nan za ka biya, kuma abin da aka kankare daga cikinta ba ya dawowa sai an sake feshi. Da wannan za ka auna kowane kaya kafin ka ciro kuɗinka.

Fara tabbatar da cewa shafin yana buƙatar cirewa. Sau da yawa bai mutu ba, toshewa ya yi. Ƙurar hunturu, ƙurar birki da gishirin ruwan burtsatse da ya bushe a rana su ne ke rufe shi, sai ruwa ya daina taruwa ƙwaya-ƙwaya, ya koma shimfiɗewa. A wanke motar a inuwa, a fesa maganin ƙurar ƙarfe irin IronX na CarPro, a bi tabon ruwa da farin binega da aka haɗa rabi da rabi da ruwa, a ɗauraye. In ruwa ya koma gangarewa, ka huta. Cirewa tana wajaba ne idan shafin ya bushe da tabo mai duhu ko mai kamar bakan gizo saboda ba a goge rararsa a kan lokaci ba, ko ya mutu a wani gefe ya rage a wani, ko za a yi sabon shafi ko feshi.

Abin da masu kanti suka fi saurin miƙo maka shi ne ruwan magani: sabulun cire maiƙo mai kaifi, ko kwalbar da aka rubuta wa cewa tana tuɓe siramik. Yana da amfani a waje ɗaya kawai, wato siramik na fesawa da ake yi wa mota bayan wanki, wanda daman watanni kaɗan yake yi. Wanki biyu ko uku da irin wannan sabulu yakan raunana shi sosai. Amma wanda ake ɗigawa daga ƙaramar kwalba ta mililita 30 ko 50 a shafa, ai domin ya jure sinadarai aka yi shi. Maganin zai kashe santsin sama, ka zaci ya tafi, alhali yana nan. Soda da tina kuwa kada su kusanci motarka: soda tana cin alminiyom ta dusashe baƙar roba, tina tana iya narka fentin da aka sake fesawa. Yumɓun goge fenti ka saye shi, amma aikinsa tsince datti kafin a sa inji, ba cire siramik ba.

Abin da ke cire shi da gaske gurza ce, kuma nan kuɗin yake. Da hannu ana iya gyara tabo mai faɗin tafin hannu. Mota guda da hannu wahala ce kawai, ga aikin ba zai fito bai ɗaya ba.

Injin folish iri biyu ne. Rotari yana juyi a waje ɗaya, yana ci da sauri, yana kuma tara zafi. A hannun gwani babu kamarsa; a hannun ɗan koyo daƙiƙu kaɗan a bakin ƙofa ko tudun bonet sun isa ya huda kiliya. Yakan kuma bar zane-zanen da ba a gani a inuwa sai mota ta fita rana. Ɗayan shi ne wanda ake rubuta wa DA a kwali, mai juyi yana karkaɗawa lokaci guda. Idan ka danne shi da yawa sai ya tsaya da juyi, wannan ne ke tsare fenti. Ga mai mota, shi za a saya. Mai karkaɗar milimita 15 da faifan milimita 125 ya fi dacewa da yawancin motoci. Mai 8 ya fi arha amma a hankali yake ci. Mai 21 ya fi son shimfiɗaɗɗen bodi irin na bas, yana kasawa a lanƙwasa. Duba lantarkinsa: injin da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, namu 230, in ka jona shi kai tsaye ya ƙone.

Sai man gurza. Kada ka fara da mafi kaushi. Sayi matsakaici ɗaya da mai kaushi ɗaya, ƙananan kwalabe na mililita 250 sun ishi ƙaramar mota. A kayan Meguiar's, M105 ne mai kaushi, M205 mai laushi na gamawa. A Menzerna 400 ne mai ci, 2500 matsakaici. Guji folish da aka ce yana gogewa yana kuma ba da kariya, domin kaki ko silikon da ke cikinsa zai sa ruwa ya ci gaba da gangarewa, ka kasa gane ko siramik ya fita. Soson da ake manna wa faifan inji kuma, a nan mutane ke yin rowa. Ɗaya ba ya isa: garin siramik da busasshen mai suna toshe shi, sai ya daina ci ya fara karce. Tanadi huɗu zuwa shida, kana goge shi da buroshi bayan kowane ɓangaren bodi.

Yadda ake gwadawa: rufe roba da gefuna da salatif na masu fenti, ka ware waje mai tsawon santimita 50 da faɗin santimita 50 a bonet. Ɗigo huɗu na matsakaicin man gurza kamar ƙwayar wake a soso, ka shafe wajen da inji a gudu na 1, sannan ka kai gudu 4 ko 5, kana tafiya sannu a tsaye da a kwance har sau huɗu. Goge da tsumman maikirofaiba, ka bi da barasar goge-goge ta IPA (isopropyl) da aka sirka, kashi ɗaya cikin ruwa kashi huɗu, don cire maiƙon folish. Yanzu fesa ruwa. In ya kwanta ya shimfiɗe a wajen, gefe kuma yana ƙwaya-ƙwaya, siramik ya fita. In bai kwanta ba, sai a koma man mai kaushi ko soson maikirofaiba. Kada a yi wannan a kan bodi mai zafi. Man zai bushe ya zama gari kafin ya yi aiki.

Samfefa ta ruwa, lamba 2000 zuwa 3000, ta tabon da ya ƙi inji ce da shafin ƙwararru mai tauri ƙwarai. Tana cin kiliya fiye da komai, kuma dole a bi bayanta da inji. Wanda bai taɓa yi ba ya bar wa mai fenti.

Ƙaramin ma'aunin kaurin fenti ya fi tsadadden inji muhimmanci, musamman ga motocin Beljiyam da ba ka san tarihinsu ba. Fentin kamfani gaba ɗayansa yakan nuna maikiron 100 zuwa 180. Inda ka ga ƙasa da 80 fentin ya yi siriri, wataƙila an riga an gurje shi, a taɓa shi da mai laushi kawai. Inda ka ga 300 ko sama an sake feshi ko an cika da foti, kuma irin wannan fentin ba a san halinsa sai an gwada a lungu. Ma'aunai masu arha ba sa karanta bamba, tunda roba ce. Fenti marar sheƙi kuwa ba a sa masa inji sam, domin zai yi ƙyalli a wajen kuma ba ya gyaruwa.

In mota ɗaya gare ka kuma sau ɗaya za ka yi, kuɗin inji, soso, mai da ma'auni zai iya kai ladan gwani. In ka kai masa, tambaye shi wane inji zai sa, ya auna fentin a gabanka, ya kuma gwada ƙaramin waje ka gani a rana kafin ku yi ciniki.