Saitin gas a Camry ɗina: aikin da ya fi ɗaura tukunya muhimmanci

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 nake lissafin mayar da motata mai amfani da gas ɗin CNG. Toyota Camry ce ƙirar 2008, mai injin lita 2.4, kuma kullum ina kan hanya tsakanin Kubwa da cikin garin Abuja. A ƙarshe na rufe ido na biya aka ɗaura mini tukunya a but, aka ja bututu, aka sa maɓalli kusa da sitiyari. Kuɗin da nake kashewa a mako ya ragu ƙwarai, amma motar ta canza hali. In na tsaya a danja sai ta riƙa karkarwa, in na taka totur a hawa sai ta yi jim kafin ta amsa. Kwana goma da yin aikin fitilar cak injin ta kama. Na koma inda aka ɗaura, suka goge fitilar suka ce haka gas yake. Kwana uku ta dawo.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wurin wani matashi a Apo, wanda sana'arsa ke nan, saita kwamfutar mota. A kan aikinsa nake wannan sharhi, wata biyu bayan ya taɓa motar.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai je kan gas ɗin ba sam. Ya mayar da motar kan fetur, ya jona na'urarsa a soket ɗin OBD2 da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake karanta matsalar da kwamfutar mota ta gano, lambar P0171 ta fito. Ma'anarta iska ta yi wa mai yawa. Ya juyo mini da allon ya nuna wani adadi, ƙari 19 cikin ɗari. "Yallaɓai, ka ga wannan? Man da kwamfutar motarka take ƙarawa ke nan a kan abin da aka rubuta mata tun daga kamfani. Lafiyayyar mota ba ta cika wuce 5 ba, sama ko ƙasa. Ko a fetur ma motarka ba daidai take ba."

Daga nan ya kwance sukurori biyu a kan murfin matatar iska ya zaro sensar MAF, wadda ke auna iskar da ke shiga injin. Ban taɓa ganin cikinta ba. Ya ɗaga ta a rana ya ce in leƙa. Can cikin ramin akwai wasu wayoyi sirara kamar gashi, sun yi furu-furu da ƙurar hunturu. Wutar lantarki ke ɗumama wayar, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, da haka kwamfuta ke gane giram nawa na iska ya shiga a daƙiƙa guda. In ƙura ta lulluɓe ta sai ta faɗi ƙasa da gaskiya, kwamfuta ta ba da mai kaɗan, sensar da ke salansa ta kai ƙara, a yi ta ciko. Ya fesa mata maganin da aka yi musamman don ita, bai taɓa wayar da komai ba, ya ajiye ta a inuwa ta bushe. Ya gargaɗe ni kada in yarda wani ya wanke ta da fetur ko ya sa mata tsinke. Matatar iskar ma ashe gefenta ya tsage, muka aika yaro ya sayo sabuwa.

Ya kuma yi wani gwaji da nake ganin kowane mai mota ya kamata ya sani. Ya duba adadin cikon, wato man da kwamfuta ke ƙarawa, a silo, ya sake dubawa da injin yana juyi 2,500 a minti. In cikon ya yi yawa a silo ya sauka da aka taka, to iska ce ke satar hanya ta wani tsagaggen tiyo. In kuma yana hawa ne yayin da ake takawa, a tuhumi sensar MAF ko famfon mai. Tawa ta biyun ce.

Sai a lokacin na fahimci dalilin da ya sa ya fara da nan. Kwamfutar gas, wadda ake ɗaurawa tare da tukunyar, ba ta auna iska da kanta. Tana sauraron tsawon lokacin da kwamfutar mota ta umarci nozul ɗin fetur ya buɗe, sai ta ninka shi da wani adadi ta buɗe nozul ɗin gas. Waɗannan adadai suna cikin wani jadawali, gefe ɗaya juyin injin, ɗaya gefen lokacin buɗewar nozul. In tushen ya karkace, duk abin da aka gina a kai karkatacce ne. Fetur yana son iska kashi 14.7 a kan kashi 1 nasa, gas ɗin nan kuwa wajen 17, don haka ba a kwafa kai tsaye.

Bayan ya goge tsohon lissafin, muka hau titin Kubwa zuwa Zuba, ni ina tuƙi, shi yana gefe da kwamfutarsa a cinya. Sau biyu muka yi a kan fetur tana tattara ɗigo-ɗigo a allo, sannan muka koma gas. "Riƙe ta a haka, Yallaɓai. Ƙara kaɗan. Saki." Yana gyara gidajen jadawalin ɗaya bayan ɗaya har layin gas ya kwanta a kan layin fetur. A tsakiyar jadawalin gas ɗin ya yi kaɗan, a silo kuma ya yi yawa, shi ya sa take karkarwa a danja. Ya kuma ɗaga zafin da motar za ta kai kafin ta juya zuwa gas da safe, don kada ta juya na'urar rage ƙarfin gas tana da sanyi. Da muka dawo, cikon yana wasa tsakanin 2 da 4 a fetur da gas duka.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Ya ce in zo ƙarfe 9, bai taɓa motar ba sai bayan azahar. Bai gaya mini in zo da tukunya cike ba, sai da muka katse aikin muka bi layin shan gas. Kuma da na nemi ya ba ni kwafin saitin a waya ko a takarda, ya yi ta jan ƙafa, har yau ban samu ba. Wannan yana damuna, domin in kwamfutar gas ɗin ta lalace sai an sake aikin daga farko.

Ƙarfin motar a kan gas har yanzu bai kai na fetur ba, musamman in na cika ta da iyali da kaya za mu Kaduna, kuma ya faɗa mini haka tun kafin ya fara. Amma karkarwa ta tafi, jinkirin totur ya tafi, fitilar ba ta sake kamawa ba. Ya ce in dawo bayan kilomita 10,000 a canza matatar gas a sake duba adadin, na kuma rubuta ranar a littafin da ke cikin motar.