Gyaran bututun iska da aka yi wa Hilux ɗina a wani gareji a Damagaram

Hilux ɗina tsohuwa ce, mai injin 22R na lita 2.4, kuma tun da na sa mata karbireta Weber 32/36, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska, take shaƙewa idan na taka mai da lodi a bayanta. Shi ya sa na kai ta wani gareji da ke bakin hanyar Tanut, da niyyar a ɗora mata babban bututun shan iska mai gajerun rassa irin wanda nake gani a intanet, abin da makanikai a nan suke kira kolekta.

Maigidan garejin bai taɓa sifana ba sai da ya tambaye ni inda motar take bi. Da na ce buhunan gero take ɗauka cikin yashi, sai ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan na masu tsere ne." Bayaninsa ya gamsar da ni: reshe mai tsawo da ɗan matsatsi yana sa iska ta shiga silinda da sauri ko da inji yana juyawa a hankali, a nan ne ƙarfin ja yake, shi kuwa gajere mai faɗi ba ya nuna amfaninsa sai inji ya kai ƙololuwar gudu, inda motar lodi ba ta zuwa. Don haka na asalin ya bari.

Ya shafa shuɗin alli a bakin kolektar, ya manna ta da kan injin, ya nuna mini da farce inda ramukan biyu suka saɓa, wani ɗan tudu da ke karya wa iska hanya. Wurin kaɗai ya goge, ya bar cikin rassan da ɗan kaushi, domin a injin karbireta fetur yakan kwanta a bangon da ya cika santsi maimakon ya gauraya da iska. Ya kuma gano wata ƴar kafa a ƙarƙashin karbiretar da ke satar iska tana ɓata ma'aunin, wanda a injin fetur yake kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai. Daga ƙarshe ya janye bakin matatar iska daga zafin injin, tunda ƙarin digiri 10 yana rage nauyin iska da kusan kashi 3 cikin 100, kuma zafin watan Afrilu a Damagaram ba baƙo ba ne ga kowa.

Jika 40 na biya, kuma ban ga tsada ba. Sai dai kwana biyun da aka yi mini alkawari sun koma shida, sannan babu na'urar auna ƙarfin inji, da kunne da gwajin hanya ake daidaita komai. A hanyar Mirriya, da buhu goma sha biyu, motar ta riƙe giya ta uku a wurin da a da sai na sauko ta biyu. Shan man kam bai ragu ba, kuma ƙurar hunturu tana toshe matatar iskar da wuri, duk mako sai na kakkaɓe ta.