Adafta ko sabuwar wayar caja? Amsa ga mai laftof ɗin Amurka

Malam, tunda fulogin cajar laftof ɗin da aka aiko maka daga Amurka ya ƙi shiga soket, canza wayar cajar kawai, ƙyale adafta.

Duba cajar da kyau, za ka ga gida biyu ce. Akwai tukunyar, wato ɗan akwatin nan na cajar, akwai kuma wayar da ke tafiya bango, wadda ake zarewa. Ita kaɗai za ka sauya. In bakinta rami uku ne kamar kan Mickey Mouse, sunanta C5. In rami biyu ne kamar lamba 8, C7 ce. Ka sa tsohuwar a aljihu ka je kasuwar Banex a Wuse 2, Abuja, ka ce a ba ka irinta mai kai irin na Ingila, mai ƙafa uku masu kusurwa, wanda soket ɗinmu ke ɗauka. Tawa haka na yi mata. Ta sha tafiya Abuja zuwa Jos a cikin jaka, yara sun sha tuntuɓe da ita a falo, har yau in na soka ta sai ta kama gam, ba motsi, ba zafi. Kuma akwai fis mai yanke wuta in ta yi yawa a cikin kan, abin da fulogin Amurka ba shi da shi.

Adafta kuwa, na taɓa saye. Nauyin waya ya riƙa rinjayarta, sai ka ji tsss, ka ga tartsatsi, har bakin soket ya yi baƙi. Amfaninta ɗaya, in za ka Faransa ko Jamus inda ramukansu biyu ne zagayayyu. Dubai ma irin namu ne.

Kafin ka jona komai, karanta bayan tukunyar. In an rubuta 100-240V, ba matsala. Wutarmu 230V ce, ta Amurka 120V, kuma adafta ba ta rage wuta, siffar kai kawai take canzawa. In a cikin kayan da aka aiko maka akwai injin aski ko bilenda da aka rubuta 120V kaɗai, sai da taransifoma mai rage wuta, in ba haka ba hayaƙi za ka gani.

Sai ka yi hattara da masu rantsuwa cewa "orijinal ce, Alhaji". Wani ya taɓa sayar min da waya mai kauri a ido, da ta ƙone na yanka, roba ce zalla da 'yan siraran zare farare a ciki maimakon jan ƙarfe. Ɗaga ta ka ji nauyi, ka nemi rubutun 0.75mm² a jikinta, ka sa a buɗe maka wurin fis ka gani da idonka. Sannan a jona ta a shagon kafin ka miƙa kuɗi.